Kwaikwayon Kwamfuta da Raunin Ciki a Haɗarin Mota: Duba Daga Hanyoyin Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake amfani da kwaikwayon kwamfuta wajen ƙiyasta raunin da hanta da saifa da hanji kan samu a haɗarin mota, sannan ta gwada dabarar da irin zaman da ake yi a motocin haya na ƙasar Daura. Matsayarta ita ce, kwaikwayon zai iya amsa tambayoyin da ɗakunan gwajin Turai da Amurka da Japan ba su da dalilin yi, amma a halin yanzu ƙarfinsa a kwatanta wani zama da wani yake, bai kai ga yanke wa mutumin Daura adadin kasadarsa ba.

1.0 Gabatarwa

Daura mararraba ce. Hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta da Kazaure tana ratsa garin, ta wuce Mai'aduwa zuwa iyakar Kwangwalam, daga nan sai Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Wata ta yi yamma zuwa Katsina, tafiyar kilomita kusan 80, wata kuma ta yi gabas zuwa Zango da Ɓaure. Ranar kasuwar Mai'aduwa, ko lokacin Sallar Gani, hanyoyin nan maƙil suke da Golf da Sharon da bas-bas ƙirar Hiace, ga Kanta mai ɗauke da dabbobi da masu su a lodi guda. In tsautsayi ya auku, idon masu ceto a kan karaya da jinin da ke zuba yake fara sauka. Wanda ya fito da ƙafarsa yana dafe da ciki, barka da arziki ake yi masa. Alhali yana iya zama shi ne saifarsa ta fashe jini na tsiyaya a ɓoye, ko hanjinsa ya huje, alamar kuwa ba za ta bayyana sosai ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci sai an kwana.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗarin hanya a 2021, kuma babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Game da Nijeriya, rahoton hukumar na 2018 ya kawo lamba biyu na shekarar 2016: 5,053 da hukumomin ƙasar suka rubuta, da 39,802 da ita ta ƙiyasta. Tazarar da ke tsakaninsu za ta sake tasowa a sashe na 6.0.

Manufar maƙalar uku ce: bayyana yadda kwaikwayon yake aiki, fito da wuraren da zaman motar ƙasar Daura ya saɓa wa zaman da aka gina shi a kai, da tantance abin da za a iya dogara da shi a sakamakonsa.

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Ilimin juriyar jiki ga bugu ya fara ne da masu gwadawa a jikinsu. Ranar 10 ga Disamba 1954 likitan sojan saman Amurka, John Paul Stapp, ya hau keken roka a kan layin dogo, ya kai gudun kilomita 1,017 a awa, aka tsayar da shi cikin sakan 1.4. Matsin da ya ɗauka ya ninka nauyinsa sau 46, ya kuma sauko da ransa. Darasin gwajin shi ne jiki na jure tsayawar farat ɗaya matuƙar ɗaurin ya rarrabu a kan ƙashi. A 1959 injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya fito da bel mai maɗauri uku, wanda ke ratsa kafaɗa da ƙirji ya kuma zagaye ƙugu, kamfanin ya sakar wa sauran masu ƙera motoci fasahar.

Likitocin tiyata kuwa suna ganin ɗaya ɓangaren. A 1962 Garrett da Braunstein suka wallafa nazari kan raunukan da ake dangantawa da bel na ƙugu, bayanan da suka biyo baya suka fito da siffar da aka sani yau: shatar jini a fatar mara, yagewar hanji, da karayar ƙashin baya a daidai kwankwaso. Daga nan masana suka rabu kan abin da ke jawo raunin. Ra'ayin farko ya ɗora alhakin a kan zurfin lotsawar ciki kaɗai. A tsakiyar shekarun 1980 Rouhana, da kuma Lau da Viano, dukkansu a ɗakin binciken General Motors, suka nuna cewa saurin lotsawar ma yana da nasa kaso, don haka suka ba da ma'aunin da ke ninka zurfi da sauri. A 1986 Cavanaugh da abokan aikinsa a Jami'ar Wayne State da ke Detroit suka auna yadda mara ke amsa bugun sandar ƙarfe, a jikin mamatan da aka ba da domin ilimi. Hardy da tawagarsa sun faɗaɗa aikin a 2001 zuwa bugun sanda da na bel da na jakar iska. Da aka zo kan yara, inda irin wannan gwaji ba ya yiwuwa, Kent da abokansa a Jami'ar Virginia sun yi amfani da ƙananan aladu a madadin cikin ɗan shekara 6, a aikin da suka wallafa a 2006.

Mutum-mutumin gwaji da ya fi shahara, Hybrid III, General Motors ne ya fito da shi a 1976, tsawonsa santimita 175, nauyinsa kilo 78. Yana auna kai da wuya da ƙirji da cinya da kyau. Cikinsa kuwa soso ne lulluɓe da roba, ba hanta ba saifa, kuma a ainihin ƙirarsa babu na'urar da ke auna abin da ya same shi a wurin. Rouhana ya yi ƙoƙarin toshe giɓin da wani curin kumfa mai karyewa da ake cusawa a cikin, a duba lotsawarsa bayan gwaji. Sabon mutum-mutumi, THOR, wanda hukumar gwajin motoci ta Turai ta fara amfani da shi a 2020, yana da na'urori a mara da ƙashin ƙugu, na yara masu lambar Q kuma suna da ma'aunin matsi a ciki. Duk da haka amsa ɗaya suke bayarwa game da ciki dungurungum, ba sa cewa ga gaɓar da ta yage.

Wannan giɓin samfuran kwamfuta suka zo cikewa. Toyota ta fitar da THUMS a 2000, zubinsa na huɗu na 2010 ya zo da kayan ciki dalla-dalla, kuma daga Janairun 2021 kamfanin ya bar shi kyauta. Gamayyar GHBMC, wadda kamfanonin motoci suka kafa a 2006, ta gina nata samfurin mai gutsattsari sama da miliyan biyu. Ayyukan Tarayyar Turai sun ƙara da PIPER na yara da VIVA+ mai matsakaiciyar mace, su ma a buɗe suke ga kowa.

3.0 Hanyar nazari

Nazarin na kan tebur ne, bai ƙunshi sabon gwajin kwamfuta ba. An bi matakai uku. An tace abin da aka wallafa kan ginin samfuran da ma'aunan rauni. An yi lissafi da dokokin motsi na Newton domin fito da girman ƙarfin da ake magana a kai, bisa misali guda: mota mai gudun kilomita 50 a awa ta daki abu tsayayye, gabanta ya lotsa santimita 60. Sannan an jera sanannun hanyoyin zama da lodi a motocin haya na yankin, aka tambayi kowace: shin samfuran da ake da su za su iya ɗaukarta, kuma wane bayani ne ya rage? An yi amfani da Taƙaitaccen Ma'aunin Rauni, AIS, wanda aka fara wallafawa a 1971, mai matakai daga 1, ƙaramin rauni, zuwa 6, wanda ba shi da magani.

4.0 Yadda kwaikwayon yake aiki

4.1 Dabarar gutsattsari

Ana farawa da hotunan cikin jiki na CT da MRI, a zana siffar kowane ƙashi da kowace gaɓa, a daddatsa siffar zuwa gutsattsari 'yan milimitoci. Kowane gutsure ana ba shi halayensa: nauyinsa, taurinsa, yadda yake miƙewa, da yadda taurin ke ƙaruwa in an matse shi da sauri. Sai a zaunar da samfurin a kujerar kwamfuta, a ɗaura masa bel, a ba kujerar irin fizgar da mota ke yi lokacin karo. Manhajar na lissafa motsin kowane gutsure a taku-taku, kowane taku bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Haɗarin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, milisakan 150, yana cin taku sama da 150,000, kowane a kan gutsattsari miliyan biyu. Shi ya sa gwaji guda kan ɗauki sa'o'i masu yawa ko da a kwamfuta mai ƙwaƙwale da dama. Manhajar da aka fi amfani da ita, LS-DYNA, ta samo asali daga aikin John Hallquist na 1976 a ɗakin binciken Lawrence Livermore.

Ribar a fili take. Ana iya maimaita haɗari ɗaya sau ɗari, a canza abu guda kawai a kowane zagaye, a kuma leƙa cikin hanta a milisakan na 60 a ga inda matsi ya taru. Ga al'ummar da ke gaggauta suturar mamaci, wadda ba za a yi zancen gwaji da gawa a cikinta ba, wannan ce kaɗai ƙofar da ta rage.

4.2 Dunƙulallun gaɓoɓi da masu kogo

Kayan ciki kashi biyu ne a idon injiniya. Dunƙulallu su ne hanta da saifa da ƙoda, cike suke da jini, tsagewa suke yi. Hantar babban mutum ta kai kilo ɗaya da rabi, kuma kusan rubu'in jinin da zuciya ke harbawa ta cikinta yake bi, don haka tsagewarta zubar jini ce mai gaggawa. Masu kogo su ne tumbi da hanji da mafitsara. Hanji na samun rauni ta hanya uku: bel ya danne shi a jikin ƙashin baya ya murƙushe shi, ko tantanin da ke riƙe da shi ya yage tare da jijiyoyin jininsa, ko kuma wani lanƙwasonsa ya toshe ta bakin biyu ya fashe, kamar ledar ruwan sha da aka taka.

Samfuran sun fi ƙwarewa a kan dunƙulallun. An gwada naman hanta da saifa da ƙoda a ɗakunan bincike, akwai lambobin da za a ba su. Hanji kuwa galibi a sauƙaƙe ake zana shi, domin shimfiɗarsa da abin da ke cikinsa na canzawa daga mutum zuwa mutum, daga safe zuwa yamma. Abin lura ne cewa gaɓar da bel ya fi yi wa illa ita ce wadda kwamfuta ta fi rauni a kanta.

4.3 Tantancewa

Ba a karɓar samfuri sai an sa shi ya maimaita gwaje-gwaje irin na Cavanaugh da Hardy, amsarsa ta faɗa cikin iyakokin da jikin gaske ya nuna. Daga nan ake ɗaura ma'auni, ko zurfin lotsawa, ko ƙarfin bel, ko matsin cikin gaɓa, da yiwuwar rauni a wani matakin AIS. Jikunan da aka yi waɗancan gwaje-gwaje da su kaɗan ne, akasarinsu na tsofaffi ne, kuma daga Amurka da Turai.

5.0 Zaman mota a ƙasar Daura

5.1 Girman ƙarfin

A misalin sashe na 3.0, motar na tsayawa cikin milisakan 86, matsakaiciyar fizgar ta ninka jan ƙasa sau 16. Mutum mai kilo 70 na danna bel da ƙarfin da ya haura tan ɗaya. Daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A kilomita 80, iyakar gudun da ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta yanke wa tasi da bas a babbar hanya, tsayin ya koma mita 25, domin kuzarin karo da ninkin gudu a kansa yake tafiya. Gwaje-gwajen ƙasa da ƙasa na karon gaba a kilomita 50 zuwa 64 ake yin su. Abin da ya haura haka, ƙirar motar ba ta yi alkawari a kansa ba.

5.2 Sulluɓewa

Tan ɗayan nan faɗin bel ne ke ɗauke da shi, santimita biyar bai cika ba. In ya zauna a ƙasan tsinin ƙashin ƙugu biyu na gaba, ƙashi ya ɗauka, an tsira. In ƙugu ya juya baya ya zame ta ƙasa, bel ya haye mara ya nitse har ya kusa ƙashin baya. Wannan ce sulluɓewa, kuma ita ce uwar raunukan ciki na masu bel. An san abubuwan da ke kawo ta: kishingiɗa, sakwarkwacewar bel, kujera mai laushi ko marar tudu a gaba, da bel da ya kwanta sosai maimakon ya gangara ƙasa. Ƙa'idar Amurka ta tsayar da kusurwar bel na ƙugu tsakanin digiri 30 da 75 saboda haka.

Kusan kowane ɗaya daga cikinsu yana da takwara a tashar mota. Kujerun tsofaffin motoci an sake musu soso da fata a wurin masu gyara, ba tare da kula da tudun ƙarfen da ke tare ƙugu ba. Bas ɗin da aka shigo da shi a matsayin motar kaya, mai walda ne ke haɗa masa kujeru, a ƙara layi domin kuɗin lodi ya fita. Babbar riga in an naɗe ta a cinya tana shiga tsakanin bel da ƙashi, ta bar ratar da mutum-mutumi mai 'yar shimi da gajeren wando bai taɓa sani ba. Ga kuma al'adar da kowa ya sani tun da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel a ranar 1 ga Janairu 2003: a rataya shi a kafaɗa in an hango jami'ai, ko a tura na kafaɗar bayan gadon baya a bar na ƙugu a kan cibiya. Wannan na ƙarshe ya mai da bel mai maɗauri uku irin na zamanin Garrett da Braunstein.

Duk waɗannan ana iya saka su a kwamfuta ba wahala, domin sauyin siffa ne da na tauri: a ƙara rata santimita biyu, huɗu, shida, a ga inda ƙugu ke fara kuɓucewa. Nan ne dabarar ta fi ƙarfi. Ya kamata a faɗa a sarari cewa babu komai a wannan sashe da ke ba da hujjar barin bel, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage kasadar mutuwa da kusan rabi ga na kujerar gaba. Maganar ta inda ya zauna ce.

5.3 Biyu a gaba, huɗu a baya, buhu a but

Gwajin masana'anta mutum ɗaya yake sa wa a kowace kujera. Motar haya kan sa biyu a kujerar gaba, na cikin rabinsa a kan birkin hannu, gabansa giya da dashbod, ba shi da bel. A baya mutum huɗu ne a mazaunin uku, ɗaya ya matsa gaba ɗaya ya jingina domin kafaɗu su samu wuri. Ichikawa da abokan aikinsa sun nuna a 2002, daga bayanan haɗurran Japan, cewa kasadar mutuwar mai bel a gaba na ninkuwa kusan sau biyar in na bayansa bai ɗaura ba. Ta fuskar ciki, na bayan na tura jingina, jingina ta tura na gaba cikin bel ɗinsa, an matse shi ta gaba da baya ke nan.

Batun kaya ya fi wannan tsanani. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 17 tana gwada ƙarfin jinginar baya da curi biyu, kowane kilo 18. Buhun gero mai kilo 100 a but ɗin Golf, a fizgar da aka lissafa, ya zama tan 1.6 a bayan fasinja, kuma ba kasafai buhun ke zama ɗaya ba ranar kasuwa. Kwaikwayon wannan na buƙatar samfura huɗu ko biyar a mota guda, aikin lissafin ya ninka, amma babu wani sabon ilimi da ake jira kafin a yi shi.

A karon gefe, tsarin tuƙi ne ke raba raunin. Tun da Nijeriya ta koma tuƙin dama a 1972, direba na zama a hagu, ƙofarsa a gefen saifa take. Fasinjan da ke jikin ɗaya ƙofar, hantarsa ce ke fuskantar bugun. Direban da bai ɗaura bel ba kuwa, a karon gaba, ƙasan sitiyari ne ke shiga saman cikinsa.

5.4 Yaro a cinya da mace mai juna biyu

Yaro mai kilo 12 na komawa kusan kilo 200 a hannun uwarsa, babu hannun da zai riƙe wannan. In ita ma ba ta da bel, nata nauyin, kusan tan ɗaya ga mai kilo 60, a kansa zai sauka. In kuwa bel ɗaya ya zagaye su biyu, cikin yaron ne ya zama matashi tsakanin bel da uwa. Ko a kujerarsa shi kaɗai, tsinin ƙashin ƙugun yaro bai gama fitowa ba, bel na babba a kan cikinsa yake kwanciya, shi ya sa ƙasashe da yawa ke tilasta kujerar ɗagawa har tsawonsa ya kai santimita 135 ko 150. Samfuran yara ana zaɓarsu ne da shekaru, 3 da 6 da 10. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Ke nan da awon jiki za a zaɓi samfuri a nan, shekaru za su ɓatar.

Binciken ya kuma ba Jihar Katsina matsakaicin haihuwa 7.3 ga kowace mace, mafi yawa a ƙasar. Mace mai juna biyu fasinja ce ta kullum a hanyar asibiti da ta biki. Babban abin da ke kashe ɗan tayi a haɗari shi ne rabuwar mabiyiya da mahaifa, domin mahaifa na miƙewa, mabiyiya ba ta bin ta. Volvo ta gina samfurin mai ciki a 2002, masu bincike a Virginia Tech suka wallafa nasu a 2003, kuma shawarar likitoci ba ta sauya ba: bel na ƙugu a ƙasan cikin, na kafaɗa ta tsakiyar ƙirji.

5.5 Saifar da ba ta littafi ba

Saifar lafiyayyen mutum giram 150 ce ko kusa da haka, a ɓoye take a bayan haƙarƙarin hagu na tara zuwa na sha ɗaya. Ita ce a cikin samfuran. Nijeriya kuwa na ɗauke da kusan rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya, kuma zazzaɓin da ke ta dawowa yana kumbura saifa har ta sauko ƙasan haƙarƙari, inda babu ƙashin da zai kare ta. Likitoci sun daɗe da sanin cewa irin wannan saifa na fashewa da bugun da bai kai ya kawo ba. Girmanta abu ne mai sauƙin gyarawa a kwamfuta, da dabarun sauya siffar samfuri irin waɗanda Cibiyar Binciken Sufuri ta Jami'ar Michigan ta inganta. Taurin namanta da inda yake yagewa shi ne aikin, domin lambobin da ke cikin samfuran ba daga irin wannan saifa aka ɗauko su ba. Haka cikakkiyar mafitsara, wadda ke tasowa sama da ƙashin mara ta fi saurin fashewa. Fasinjan doguwar tafiya da direba bai tsaya masa ba yana cikin wannan rukuni.

6.0 Iyakar dabarar da abin da za a tanada

Daga abin da ya gabata, tambayoyi iri biyu ne. Na farko na kwatance ne: wane zama ya fi wane haɗari, rata nawa ce ke jawo sulluɓewa, buhu nawa jingina ke ɗauka. Samfuran yanzu na iya amsa su, domin kuskuren da ke cikinsu yana shafar ɓangarorin biyu da ake kwatantawa. Na biyu na adadi ne: kashi nawa cikin ɗari ne saifar wannan fasinja za ta fashe. Wanda ya ba da irin wannan lamba game da mutanen Daura, daga ma'aunin da aka gina a kan tsirarun tsofaffin Detroit, ya faɗi abin da ba shi da hujjarsa, komai kyan hoton da kwamfutar ta zana.

Kayan aikin ba su ne cikas ba. THUMS kyauta ne, ko da yake lasisin LS-DYNA na kuɗi ne. Kamfanin Altair ya buɗe manhajarsa, OpenRadioss, a 2022. Jami'ar George Mason da hukumar tsaron hanyoyin Amurka sun saki samfuran motoci, har da Camry ta 2012 da Accord ta 2014, waɗanda ba baƙi ba ne a titunan Arewa. Kujerun Golf da Sharon da na bas kuwa sai an je tasha da gareji an auna su. Wajibi ne kuma a kwaikwayi motar yadda take a yau. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari suka zo Afirka. A cikin 'yan Kwatano akwai waɗanda suka taɓa karo a can, jakar iskarsu da na'urar tsuke bel sun riga sun tashi. Wutar da ba ta yankewa tsawon gwaji ita ma sharaɗi ce.

Mazaunin aikin yana nan a garin Daura. Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019, ita ce ta dace da ɓangaren injiniya. Asibitin Sojojin Sama da aka buɗe a Daura a 2019, da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da na Aminu Kano, su ne ke ganin raunukan. Hotunan CT da ke ajiye a manyan asibitocin, in kwamitin ɗa'a ya amince aka goge sunaye, za su ba da girman hanta da saifa da siffar ƙugun mutanen yankin ba tare da an taɓa kowa ba.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne rubutun da ke haɗa mota da majinyaci. Amurka ta kafa CIREN a 1996, Jamus ta kafa GIDAS a 1999, Indiya ta fara RASSI a 2011, duk domin a bi haɗari guda daga bakin titi har teburin tiyata. Ƙasar da ta rubuta 5,053 inda aka ƙiyasta 39,802 a 2016 ba za ta fara daga wannan matakin ba, amma masarauta mai ƙananan hukumomi biyar za ta iya farawa da takarda shafi ɗaya. Jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ya cike rabin sama: ƙirar mota da shekararta, ɓangaren da ya lotsa da zurfinsa, mutum nawa a kowane layi, nauyin kayan but, ko jingina ta karye. Likita ya cike rabin ƙasa: kujerar da majinyaci ya zauna, tsawonsa da nauyinsa, ko akwai shatar bel a fata kuma sama take da tsinin ƙugu ko ƙasa, sa'o'in da suka wuce kafin ya iso, gaɓar da aka samu da rauni da matakinta na AIS, da nauyin saifar in an cire ta. Da haɗurra kaɗan masu cikakken bayani irin wannan za a sake gina su a kwamfuta, a ga ko samfurin ya nuna rauni a gaɓar da likitan ya ɗinke.